Lagireton Hita Ya Fara Yoyo a Tsohuwar Mota: A Kewaye Shi, A Gyara, Ko A Sayi Wani?

Alamomin ba sa ɓuya ga wanda ya san su. Za ka shiga mota da safe ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, gilashin gaba ya yi hazo mai maiƙo daga ciki, in ka sa tsumma sai ya ƙara damewa maimakon ya goge. Ka tura hannu ƙarƙashin kafet ɗin gaba ka ji danshi. Ruwan lagireto kullum raguwa yake yi, alhali inda motar ta kwana a bushe yake, babu ko ɗigo. In waɗannan suka haɗu a mota irin Mercedes-Benz W123 ko Peugeot 504, yawanci lagireton hita ne ya huje.

Shi wannan ƙaramin lagireto ne da bai fi girman littafi mai kauri ba, yana ɓoye cikin wani akwati a bayan dashbod. Tiyo yana kawo masa ruwan zafi daga injin, wani tiyon ya mayar, fanka kuma ta hura iska ta cikin saƙarsa, iskar ta fito da ɗumi zuwa ƙafafu ko zuwa gilashi. Iyakar aikinsa ke nan. Abin da ya sa maganarsa take da nauyi shi ne wurin da aka ajiye shi. A masana'anta akwatin hita na cikin abubuwan farko da ake ɗaurawa a bangon da ya raba injin da cikin mota, sannan a gina komai a kansa. Saboda haka kuɗin aikin isa gare shi yakan fi kuɗin shi kansa, kuma duk shawarar da za ka yanke a nan tana rataye ne a kan wannan: sau nawa kake shirye ka biya a kwance maka gaban mota?

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a tabbatar shi ne mai laifin. Ruwa a ƙasan mota yana da hanyoyi da yawa. W123 ta yi suna wajen toshewar magudanan ruwan sama da ke kusa da maƙalan bonet da ƙarƙashin batir, kuma idan ganye da ƙura suka toshe su, ko tsatsa ta ci wurin, ruwan damina yakan gangaro har kafet. Motar da ke da AC kuma, in bututun da ke zubar da raɓarsa ya toshe, a ƙafar fasinja zai zubar. Ruwan sama da na AC ba su da wari, ba su da santsi. Ruwan injin in ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji santsi idan akwai kulan a ciki, wato ruwan magani mai launi da ake zuba wa lagireto, in kuwa ruwa zalla ake zubawa za ka gan shi ja-ja da tsatsa. Kada ka ɗanɗana. Sinadarin da ke cikin kulan guba ne mai lalata ƙoda, zaƙinsa kuma shi ke jawo yara da dabbobi, don haka ko wanda aka tsiyaye a kwano ba a barinsa a buɗe a tsakar gida. Sannan a duba inda tiyo ya shiga bango, domin kilif da ya saki ko tiyo da ya tsage a daidai nan yakan tura ruwa ciki, a zargi lagireton da bai yi komai ba. Haka ma bawul ɗin da ke buɗe wa hita ruwa, shi ma yakan yi yoyo.

Akwai kuma wanda matsalarsa ba yoyo ba ce, hitar ce kawai ba ta ba da zafi. Wannan ya fara tambayar ko akwai tamostat a injinsa, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa babban lagireto har sai injin ya ɗau zafi. Da yawa daga cikin bakanikenmu cire shi suke yi su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat na irin waɗannan motoci yakan buɗe ne a wajen digiri 80, kuma in babu shi, da sanyin asuba a kan babbar hanya ruwan ba zai taɓa yin zafin da hita za ta yi aiki ba. In tamostat yana nan, ruwa kuma ya cika, a bar injin ya ɗau zafinsa, a buɗe hita har ƙarshe, a taɓa tiyoyin nan da ke shiga bango. In duka da zafi, ruwa na wucewa, matsalar tana wajen fanka ko marufan iska. In ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ko dai bawul bai buɗe ba, ko lagireton ya toshe.

Kewayewa

Wannan shi ne abin da za a fara gaya maka a kusan kowane gareji daga Kano har Maradi: “Alhaji, me za ka yi da hita a garin nan? Bari mu haɗe tiyon kawai.” Ana zare tiyoyin daga bututun hita a gefen injin, a haɗa su da guntun bututun ƙarfe da kilif biyu, ruwa ya riƙa zagayawa bai shiga cikin mota ba. Aikin bai kai awa guda ba, kuɗinsa kaɗan ne, kuma yoyon ya tsaya nan take. Ba na raina wannan hanya. In a kan tafiya abin ya same ka, ita ce daidai. Tana kuma da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: gwaji ce mai kyau. Ka kewaye shi, ka shanya kafet, ka yi mako guda kana lura. In ruwa ya daina raguwa, kafet ya zauna a bushe, ka kama mai laifi. In ruwa ya ci gaba da raguwa, ka tsira daga biyan kuɗin sauke dashbod a banza, sai a koma neman yoyon a famfon ruwa ko gasket.

Sai dai a yi ta yadda ya kamata. Haɗe tiyoyin ya fi toshe su da fulogi ko guntun katako, domin a wasu injuna ta layin hita ruwa ke zagayawa kafin tamostat ya buɗe, kuma in aka toshe shi bayan kan silinda yakan tara zafi. A tabbatar tiyon bai lanƙwashe ya shaƙe ba, bai kuma jingina da salansa ba. Bututun hitar da aka bari a buɗe a hura musu iska ruwan ciki ya fita, sannan a rufe bakinsu, in ba haka ba ƙura da zanzaro za su cika su, ragowar ruwan kuma ya ci gaba da cin ƙarfen daga ciki. Lagireton da yau ake iya gyarawa, in aka bar shi haka shekara biyu ko uku, sai dai a jefar.

Me kake rasawa? Wanda bai taɓa barin zafin Sakkwato ko Maiduguri ba, zai ce babu. Amma Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10. Tsaunin Mambila ya fi ta tsayi. Wanda ya taɓa kama hanyar Agadas da asuba a tsakiyar hunturu ya san hita ba kayan ado ba ce. Abin da ya fi ɗumin jiki muhimmanci a wurina shi ne gilashi. A watan Agusta, ruwa na zuba, an rufe tagogi, mutum biyar na numfashi a cikin mota, gilashin gaba zai rufe cikin minti kaɗan. Motar da AC ɗinta ke aiki za ta share shi. Amma tsofaffin motocin nawa ne AC ɗinsu ke aiki? In babu AC kuma babu hita, direba ya koma tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana goge gilashi da hula, a kan hanyar da tirela ke tahowa. Akwai kuma ƙaramar fa'ida ta uku: in allurar zafi ta fara hawa a kan tudu, buɗe hita da fanka har ƙarshe yana rage wa injin zafi kaɗan, wani lokacin har ya kai ka inda za ka tsaya lafiya.

Maganin toshe yoyo da wanki

Gwangwanin maganin da ake zubawa a lagireto don ya toshe huji, ban ga dalilin sa shi a motar da ake son a riƙe ba. Bututun cikin lagireton hita sun fi na babban lagireto ƙanƙanta, ruwan da ke bi ta ciki kuma a hankali yake tafiya, don haka a nan maganin ke fara zama. Yakan toshe hujin na ɗan lokaci, ya toshe rabin bututun tare da shi, sauran ya tafi ya kwanta a babban lagireto. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ƙwai da garin barkono da wasu ke zubawa sun fi shi muni. In an yi haka don a fita daga daji a kai gari, to, amma da isa a wanke layin gaba ɗaya.

Wanki kuwa maganin toshewa ne, ba ya maganin huji. Ana zare tiyoyin, a tura ruwa ta bututun da ruwa ke fita, ya fito ta wanda yake shiga, wato a saɓa masa hanya don dattin ya koma ta inda ya shigo. A yi da ruwan tiyo mai sauƙi. Injin wankin mota mai ƙarfi zai fasa shi, domin duka layin ruwan an yi shi ne ya ɗauki matsin da bai wuce na murfin lagireto ba, kusan ba 1 a ma'aunin matsi, wato wajen fam 15. In farin dutse ne ya kama ciki saboda ruwan rijiya ko na burtsatse, ana jiƙa shi da garin sitirik asid, irin wanda masu haɗa lemo ke saya, kashi 10 cikin 100 a ruwan ɗumi, sannan a ɗauraye sosai. Sodar masu yin sabulu kuwa kada ta kusanci alminiyam, cinye shi take yi. Abu ɗaya ya kamata ka sani kafin ka yarda a wanke: a tsohon lagireto wani lokaci dattin ne ke rufe ƙananan huji, kuma bayan wanki sai yoyo ya bayyana. Ba wankin ne ya huda shi ba, dama ya riga ya mutu.

Fitar da shi

In ka yanke cewa motar nan taka ce ta zama, hitar kuma kana son ta, babu makawa sai an fito da shi. Wahalar ta danganta da mota. A masu sauƙin ƙira waɗanda ba su da AC, akwatin hita yakan sauko ta ƙarƙashin dashbod bayan an cire kwalin tsakiya, wato murfin da ke tsakanin direba da fasinja, da rediyo. W123 ba ta cikin waɗannan. Motar da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, kusan guda miliyan 2.7, an haɗa ta da ƙarfi da tsari, amma isa ga hitarta yana bukatar a cire agogunan gaba, kwalin tsakiya, akwatin ajiya na gefen fasinja, sannan dashbod ɗin kansa. Aikin yini guda ne cur ga wanda ya saba, yini biyu ga mai bi a hankali, kuma mai bi a hankalin nake so. Akwai kuma motocin da aka haɗa don ƙasashe masu zafi ba a sa musu hita ba tun farko, saboda haka mai tsohuwar 504 ya leƙa bangon injin ya ga ko akwai bututun ma kafin a fara ciniki. Mai Volkswagen Beetle shi ba ruwansa da wannan magana, injinsa iska ke sanyaya shi, ɗuminsa daga jikin salansa yake zuwa.

Ga abubuwan da nake so mai mota ya tsaya a kansu ko da ba shi zai riƙe sifana ba. Injin ya huce sarai, a cire kan batir, a tsiyaye ruwa. Tiyon da ya shekara talatin a kan bututu ya riga ya manne, kuma murɗa shi da filaya shi ke tsaga dalmar da ta riƙe bututun. A tsaga tiyon da reza a tsaye, a ɓare shi, a sayi sabo. A hura iska ta bututu ɗaya don ragowar ruwa ya fita, a toshe bakunan, in ba haka ba lokacin da aka karkata akwatin zai juye a kan kafet da wayoyi. A ɗauki hoto da waya kafin a zare kowace soket da kowace wayar ƙarfe mai jan marufan iska, a zuba notunan kowane sashe a leda daban. A W123 akwai wani siririn bututu da ke kawo man injin kai tsaye zuwa agogon mai a dashbod. In aka kwance shi aka manta aka tayar da injin, baƙin mai zai yi feshi a cikin mota. Wannan kaɗai ya isa dalilin a ɓoye makulli har a gama. In motar na da AC, a tambaya tun farko ko sai an saki gas, domin a wasu motocin na'urar sanyin tana akwati ɗaya da hitar, kuma kuɗin sake cika gas ya shiga lissafi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan aiki ba lagireton ba ne, robobin ne. Dashbod da ya sha ranar shekara arba'in ya bushe, in aka lanƙwasa shi kaɗan sai ya tsage, kuma samun wani mai lafiya ya fi samun lagireton wuya nesa ba kusa ba. Mutum biyu su ɗauke shi, a ajiye shi a inuwa a kan tabarma, kada a jingina shi da bango a rana. Kilif-kilif ɗin da suka riƙe akwatin hita ma haka, a bi su da lallami.

Yanzu ga shi a hannu. A nan ne zaɓin gaske yake, kuma ƙarfen da aka yi shi da shi ne zai fara yanke hukunci. Motocin shekarun 1960 da farkon 1970 yawancinsu jan ƙarfe da tagulla ne, an haɗa da dalma. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980 kamfanoni suka riƙa komawa alminiyam mai tankunan roba a gefe, an matse su da ƙananan haƙora a kan zoben roba. Kada ka yi zato, ka kankare gefe kaɗan ka gani: ja ko rawaya tagulla ce, fari alminiyam ne.

In tagulla ce, ka yi sa'a, domin mai gyaran lagireto na gargajiya zai iya da ita, kuma irin waɗannan masu sana'a har yanzu suna nan a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da sauran manyan garuruwa. Amma gyara iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. In yoyon a gindin bututu yake, ko a layin da tanki ya haɗu da saƙa, dalma ce ta gaji. A narke tsohuwar, a goge wurin ya yi haske, a zuba sabuwa, zai iya sake shekaru masu yawa. In kuwa hujin a jikin siraran bututun saƙar yake, kuma ka ga kore-kore a wurare da dama, ƙarfen ne ya sirance ko'ina. Mai gyara zai toshe wanda ya gani, wata uku wani ya buɗe a gefensa. Wasu sukan matse bututun da ya huje su kashe shi gaba ɗaya. Ɗaya ko biyu ba laifi, amma in an kashe da yawa hitar ta rage ƙarfi, sauran kuma suna kan hanya. Gyaran gaskiya a irin wannan hali shi ne a cire tankunan asali a ɗora su a kan sabuwar saƙa mai girman tsohuwar. Ya fi tsada, ba kowane mai gyara ke da saƙar da ta dace ba, amma abin da za ka samu shi ne lagireto sabo mai bututun asali da za su zauna daidai a ramukansu. Ga motar da aka daina yi wa kaya, wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita.

Ko wane gyara aka yi, kada ka karɓa sai an gwada a gabanka. A toshe bututu, a bar ɗaya, a hura iska da famfo zuwa kusan ba 1, a nutsa shi a bahon ruwa, a jira minti goma ko fiye. Ƙwayar kumfa ɗaya da ke fitowa a jere ta isa a mayar da shi kan wuta. Hurawa da baki ba gwaji ba ne, huhun mutum ba ya kai ko kusa da matsin da injin zai ba shi. Kada kuma a buɗe masa kwamfireso gaba ɗaya, zai kumbura tankin. Bayan gwaji a ɗauraye shi ciki da waje, domin ruwan asid ɗin da ake shafawa kafin dalma in ya zauna shi ma cin ƙarfe yake yi.

In alminiyam ne mai tankin roba, maganar gyara ta kusa ƙarewa. Dalma ba ta kama shi, robar da ta tsufa ta yi gautsi, haƙoran da aka buɗe aka sake matsewa ba sa komawa kamar da. Za a ce maka a shafa gam mai haɗi biyu. A babban lagireto da kake gani kullum, in gam ya saki ka sake shafawa. A bayan dashbod kuwa, ranar da ya saki ka koma farkon aiki. Abu guda da ya cancanci dubawa shi ne inda bututun suka shiga jikinsa, domin a wasu motocin na shekarun 1980 da zoben roba aka haɗa su, kuma sau da yawa zoben ne ya taurare, lagireton lafiyarsa lau. Gwajin baho zai nuna maka. In ba nan ba ne, sabo za ka nema.

Sabon ma hawa-hawa ne. Na kamfanonin da suka saba yi wa masu ƙera motoci kaya, irin su Behr da Valeo da Nissens, in ana samun na motarka, shi ne kwanciyar hankali, ko da sai an yi odarsa daga waje an jira. Marasa suna masu araha matsalarsu ba ƙarko kaɗai ba ce, har da awo: bututu ya karkace da ɗan kaɗan, ko kauri ya ragu, sai ka ga ana tanƙwara shi da ƙarfi don ya shiga, ko iska tana bi ta gefensa maimakon ta cikinsa. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, ka jera su, ka ƙirga bututun. Wannan na da muhimmanci a W123, domin masu makunnin zafi biyu, na direba daban na fasinja daban, tsarin ruwansu ba ɗaya ba ne da masu sarrafa zafi da kansu. Sabon ma a nutsa shi a baho kafin a ɗaura.

Saura na Beljiyam, wanda aka ciro daga wata motar. Ga ƙofa ko fitila ko gilashi, kayan kasuwar Ladipo ta Legas da Ƙofar Ruwa sun rufa wa masu tsofaffin motoci asiri, ba mai musu. Amma a lagireton hita, araha ba ta ado. Shekarunsa ɗaya da naka. Ya yi watanni ko shekaru a bushe a kan kanta, iska na shiga cikinsa, kuma ba ka san irin ruwan da ya sha ba. Zai iya cin gwajin baho yau ya huje bayan damina ɗaya. Wuri ɗaya na ga amfaninsa: in naka ya ruɓe har tankunan, ko wani ya riga ya cire shi ya jefar, sai ka sayi na Beljiyam na tagulla don a yi amfani da tankunansa a ɗora sabuwar saƙa.

To wa ya kamata ya zaɓi me? Mai 504 da ke jigilar kaya tsakanin kasuwannin ƙauye da rana, motar tana neman abincin gida ne, kwana biyu a gareji asara ce gare shi. Ya kewaye shi da kyau, ya rufe bututun, ya tabbatar fankar gilashi na aiki, ba wanda zai ga laifinsa. Wanda ke zaune a Jos ko Gembu, ko mai yawan tafiyar dare da damina, ya gyara, domin maganar ganin hanya ce. Wanda kuma ya riƙe W123 ta mahaifinsa yana son ta kasance yadda ta fito, ko yana tunanin ranar sayarwa ga masu neman tsofaffin motoci, shi ma ya gyara, domin mai saye da ya san mota yana buɗe bonet zai ga tiyon da aka haɗe, ya fara tambayar me kuma aka kewaye. Amma ko shi ba dole ya yi gaggawa ba. Ya kewaye yau, ya nemi kayan a natse, ya tara duk ayyukan bayan dashbod ya yi su rana ɗaya.

Ayyukan kuwa suna da yawa, kuma barin su hasara ce tunda an riga an buɗe. Soson da ke bakin marufan iska ya zama gari, a sa sabo, in ba haka ba iska mai zafi za ta riƙa shigowa ko hita na kashe. A wanke fanka, a sa wa bushinta mai, a duba burushinta. A canja bawul in yana da alamar tsatsa, a canja duk tiyoyin hita. A ɗaga kafet da soson ƙarƙashinsa a shanya su kwana biyu, a duba ƙasan motar, domin ruwan da ya daɗe yana ɗiga ya fara cin ƙarfe, kuma yanzu ne lokacin kankarewa da shafa fenti.

Sannan a nemi abin da ya kashe na farkon, in ba haka ba zai kashe na biyun. Mafi yawa ruwa ne. Ana ɗauka kulan don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, alhali rabin aikinsa hana tsatsa ne. Injin fetur na 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyam, ga tagulla da dalma a lagireto. Ƙarafa daban-daban a cikin ruwa ɗaya mai zafi cin juna suke yi in babu sinadarin da zai shiga tsakani. A haɗa kulan da ruwa mai tsabta marar gishiri rabi da rabi, a canja shi duk bayan shekara biyu. Murfin lagireto ya zama mai lambar da aka rubuta wa motar. Wanda ya fi ƙarfi yana matsa wa hita, wanda ya mutu kuma yana barin ruwa ya tafasa da wuri, musamman a tudu irin Jos inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96. In tiyoyi suna kumbura su yi tauri jim kaɗan da tayar da injin, ko kumfa na fitowa a bakin lagireto, gasket ɗin kan silinda na tura hayaƙi cikin ruwa, kuma zai fasa sabon lagireton hita kamar yadda ya fasa tsohon. A sa mai wayarin ya duba wayar at da ke haɗa injin da bodi. In ta yi tsatsa, wuta takan nemi hanya ta cikin ruwan, kuma mita da aka tsoma bakinta a ruwan lagireto in ta nuna sama da bolt 0.3 akwai abin dubawa.

Wajen mayarwa, a ɗaura akwatin hita, a haɗa tiyoyi, a cika ruwa, amma a dakata da dashbod. A sa famfon gwaji a bakin lagireto a matsa layin gaba ɗaya zuwa lambar murfin, a shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin akwatin, a bar shi rabin awa. In allurar famfon ba ta sauka ba, takardar kuma a bushe, sai a mayar da dashbod da agoguna, a ɗaure bututun mai. Sannan a tayar da injin da hita a buɗe har ƙarshe, gaban motar a ɗan tudu, murfi a cire, har tamostat ya buɗe kumfar iska ta gama fita, a ƙara ruwa a rufe. Washegari da safe, kafin a tayar, a sake duba ruwan, domin yakan sauka kaɗan bayan iskar da ta maƙale ta fita.